Ita Ma Tana Jin Zafi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kirista da Tausayin Dabbobi

Wata akuya ce ta jawo wannan rubutu. Ana saura kwana uku Kirsimeti, mun tashi daga nazarin Littafi Mai Tsarki da muke yi da Hausa a unguwar Maamobi ta Accra, sai muka iske yara sun yi cincirindo a bakin babban lambatun nan da ke tsakaninmu da Nima. Akuya ce a ciki, ƙafafunta a ɗaure, da alama daga bayan aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta zamo. Tana ɗaga kai daga baƙin ruwan tana kuka, yara na jifa suna shewa. Wani saurayi ɗan ajinmu ya tuɓe takalmi, ya gangara da wandonsa na zuwa coci, ya cicciɓo ta. Wata dattijuwa da duk muke kira Mma ta riƙe haɓa ta ce, "Haba ɗana, a kan abin da jibi zai shiga tukunya?"

Makonni muka yi muna ja-in-ja a kan wannan magana ta Mma. Ni ba fasto ba ne, malamin aji ne kawai. Na tara tambayoyin da aka fi yi mini, ga abin da na iya amsawa.

Wai Littafi Mai Tsarki ya yi maganar wahalar dabba kuwa, ko dai Turawa ne suka ƙaƙaba mana?

Ya yi, tun ba a san da wata ƙasa wai ita Ingila ba. Karin Magana 12:10 ta ce mai adalci yana kula da ran dabbarsa, amma mugu ko tausayinsa ma mugunta ne. A duba kalmar da aka ɗauko: adalci. Inda aka ambaci adalci kuwa, akwai mai hakki.

Shari'ar Musa har turke ta shiga. Hutun ranar Asabar ya haɗa da sa da jaki (Fitowa 23:12). Ba a ɗaure wa sa baki yana sussukar hatsi (Maimaitawar Shari'a 25:4). Ba a haɗa sa da jaki a garma ɗaya (22:10), duk wanda ya taɓa huɗa a Bawku ko Navrongo ya san wanda zai ji jiki a cikinsu. In ka tarar da sheƙar tsuntsu, ba ka haɗa uwa da 'ya'ya ka kwashe (22:6-7). Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Fitowa 23:5: in ka ga jakin maƙiyinka ya durƙushe a ƙarƙashin kaya, kada ka wuce, ka tsaya ka taimaka. Gabarka da mai jakin ce. Shi jakin bai ci maka komai ba.

Sai labarin Bal'amu a Littafin Ƙidaya sura 22. Jakar da yake hawa ta ga mala'ika a hanya, shi annabin bai gani ba, ya zabga mata sanda har sau uku. Da aka buɗe masa ido, abu na farko da mala'ikan ya tambaye shi shi ne dalilin dukan jakar. Littafin Yunusa kuma da dabbobi ya rufe: Allah ya ce yaya ba zai ji tausayin Nineba ba, birnin da ke da mutum fiye da 120,000, ga kuma dabbobi masu yawa.

Amma ai Allah ya ba ɗan Adam mulki a kan dabbobi?

Ya ba shi, yana nan a Farawa 1:28. Sai dai a juya shafi: a 2:15 an sa mutum a gonar don ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. A Zabura 50 Allah ya ce kowace dabbar jeji tasa ce, da shanun da ke kan tuddai dubu. Ashe dai kiwo aka ba mu.

Mu da muka tashi a zango mun san wannan tsari. Mai dukiya ya danƙa wa Bafulatani garke. Sanda na hannun makiyayin, shi ke cewa a yi gabas ko yamma, amma ranar da mai shanu ya zo ƙirga, zai tambayi kowace saniya, da wadda ta rame, da wadda ta karye. Ezekiyel 34:4 ya tsawata wa shugabannin Isra'ila da cewa ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemo wadda ta ɓata ba, da ƙarfi da tsanani suke mulki. Maganar mutane ake yi a wurin, amma da masu sauraro ba su yarda cewa irin wannan makiyayi mugu ne ba, da misalin bai ci ba.

To laifi ne Kirista ya ci nama?

A'a. Farawa 9:3 ta halatta. Yesu ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa bayan tashinsa daga matattu (Luka 24:42-43). Akwai masu bi da suka bar nama don kansu, kamar wasu 'yan ikilisiyar Adibantis, suna kafa hujja da abincin gonar Aidan da kuma Ishaya 11, inda zaki zai ci ciyawa kamar sa. Romawa 14 ta raba gardamar: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Sabo da kaza ba ya hana yanka, ni ma ban ce ya hana ba. Izinin yanka aka ba mu. Na duba, ban ga inda aka ba da izinin gana azaba ba.

In dai za a yanka ta, mene ne amfanin lallashi?

Wannan ita ce ainihin tambayar Mma, kuma a nan nake so in daɗe.

Yanka bai wuce na minti ɗaya ko biyu ba. Wahalar tana cikin kwanakin da suka gabace shi. Shanu da tumaki da yawa da muke ci a Accra daga Burkina Faso suke fitowa, wasu ma daga Mali da Nijar. Su shigo ta Paga, su bi Bolgatanga, Tamale, Techiman, Kumasi, har kasuwar Tulaku a Ashaiman, tafiyar kimanin kilomita 800 a tsaye cikin tirela. Wanda ya taɓa ganin ana sauke su ya ga yadda wata kan fito tana tangaɗi, wata an tattake ta a hanya sai an ja ta da igiya. Wannan ba a hannun mai saye yake ba. Amma daga lokacin da ka biya kuɗi aka miƙo maka igiya, hakkin ya dawo wuyanka.

Me muke yi daga nan? A ɗaure ƙafa huɗu tam, a cusa ta a but ɗin tasi a rufe. Kaji kuma a rataye su kai ƙasa a jikin babur, suna jan baki a kwalta. A gida a ɗaure ta jikin ginshiƙi da igiyar da ba ta kai kamu biyu ba, rana ta fito ta faɗi a kanta, ba ruwa, wai ai gobe ne. Yara su hau ta, su ja kunne, manya na kallo. Ranar yanka a ɗauko wuƙar da ta dakushe, a ba wanda bai iya ba don ya koya, sauran dabbobin na tsaye suna kallo.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da talauci ya tilasta mana. Inuwa kyauta ce. Bokitin ruwa nawa ne? Igiya mai tsawon da za ta iya kwanciya, wuƙa mai kaifi, mutumin da hannunsa ya saba, a kuma kawar da ita daga idon 'yan'uwanta. Shi ke nan.

Wanda tausayi bai motsa shi ba, to tukunyarsa ta motsa shi. Dabbar da ta galabaita kafin yanka ta ƙone ƙarfin da ke cikin tsokarta, shi ya sa namanta kan yi duhu, ya bushe, ya kuma yi saurin lalacewa. Tambayi kowane tsohon mahauci. Wani da nake sayen nama a wurinsa ya taɓa nuna mini abin da ya zaro daga tumbin wata akuyar unguwa: dunƙulen leda ya kai kan jariri, baƙar leda da ta ruwan sha, sun cure wuri guda. Ya ce mini, "Malam, wannan da ciki cike ta yi ta jin yunwa." Tun ranar nake jin nauyin yar da leda a ƙasa.

Manzo Bulus bai ce Allah bai damu da shanu ba?

Ana nufin 1 Korintiyawa 9:9-10, inda ya kawo dokar bakin sa ya tambaya ko don shanu Allah ya faɗa. Bulus hakkin masu aikin bishara yake karewa. Hujjarsa ita ce: in sa ma yana da hakkin ci daga abin da yake sussuka, ina ga mutum? Da san ba shi da hakkin komai, da hujjar ta rushe tun daga tushe.

Haka Yesu yakan yi. Ya ce ana sayar da gwara biyar a kan kobo biyu, amma Allah bai manta da ko ɗaya ba, sannan ya ce kun fi gwara da yawa daraja (Luka 12:6-7). Ya tambayi masu ƙure shi, wane ne tunkiyarsa za ta faɗa rami ranar Asabar ya ƙi ciro ta? (Matiyu 12:11-12). Mutum ya fi, babu ja. Amma fifiko tsakanin abubuwa biyu masu daraja ake yin sa.

Aladun nan da suka hallaka a teku fa?

Markus 5:13, inda Yesu ya fitar da aljanu daga wani mutum suka shiga garken aladu kimanin 2,000. Wuri ne mai wuya, ba zan shafa masa mai ba. Abin da nassin ya nuna shi ne aljanun ne suka roƙa, aka ba su izini, su ne kuma suka rugo da garken cikin ruwa. Abin da suka so yi wa mutumin nan mai zama a makabarta, shi suka yi wa aladun. Mai neman hujjar dukan karensa a wannan labari ya duba da kyau aikin wa yake kwaikwayo.

Mutane na kwana da yunwa a Nima, kai kana maganar kare da kyanwa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ina tare da mai yin ta zuwa rabin hanya. Ni ma raina yakan ɓaci in na ga an fito da kare a mota mai sanyi a unguwannin masu hali, alhali yarinya 'yar kayayo, mai dako a kasuwa, na kwana a bakin shago. Katekism, littafin koyarwar ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya haɗa abu biyun a sakin layi ɗaya, na 2418: saɓa wa mutuncin ɗan Adam ne a sa dabba ta sha wuya ko ta mutu ba gaira ba dalili, kuma bai dace a kashe mata kuɗin da ya kamata a fara rage wahalar mutane da shi ba.

Inda muka rabu shi ne zaton cewa tausayi kamar garin masara ne a kwano, in ka ɗiba wa kare sai na maraya ya ragu. Ban taɓa ganin wanda ya hana akuya ruwa ya kai wa almajiri ruwan ba. William Wilberforce, wanda ya yi shekaru yana yaƙi a majalisar Ingila har aka haramta cinikin bayi a 1807, cinikin da kurkukun Cape Coast da na Elmina suke tsaye suna ba da shaidarsa, yana cikin waɗanda suka zauna a Landan a 1824 suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi.

Dama ikilisiya ta daɗe da wannan koyarwa?

Ta daɗe, amma bakinta bai zama ɗaya ba. Ishaƙu na Suriya, a ƙarni na 7, ya siffanta zuciya mai jinƙai da wadda ke ƙuna saboda dukan halitta, har tsuntsaye da dabbobi. Faransis na Asisi, wanda ya rasu a 1226, yakan kira halittu 'yan'uwansa, ranar tunawa da shi kuma, 4 ga Oktoba, ita ce ranar dabbobi ta duniya. Shi kuwa Toma Akwinas, a ƙarni na 13, cewa ya yi an hana muguntar dabba ne don kada mutum ya saba ya koma kan mutane. Gaskiya ce, yaron da ya ƙware a jifan kyanwa ba a nan yake tsayawa ba. Amma a ganina rabin magana ce, domin ta mai da kyanwar allon koyon hali kawai, alhali ita jifan ya sama.

Taron Landan na 1824 wani limamin Angilikan ne ya kira shi, Arthur Broome, wanda daga baya har gidan yari ya shiga saboda bashin ƙungiyar. Shekara biyu kafin nan, a 1822, Richard Martin ya samu majalisa ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawakai. A zamaninmu kuma akwai wasiƙar Fafaroma Faransis ta 2015, Laudato Si', wadda ta ce kowace irin mugunta ga kowace halitta ta saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Ɗan ƙasarmu Kadinal Peter Turkson, tsohon babban bishop na Cape Coast, yana cikin waɗanda suka gabatar da ita ga duniya.

Dabbobi za su shiga sama?

Wata yarinya ce ta tambaye ni wannan, mota ta take kyanwarta. Littafi bai faɗi makomar kowace dabba ɗaya ɗaya ba, malamai kuma sun rabu. Abin da ya faɗa dai ba kaɗan ba ne. Alkawarin bakan gizo an yi shi da Nuhu da kowace halitta mai rai (Farawa 9). Romawa 8:19-22 ta ce dukan halitta na nishi kamar mai naƙuda, tana jiran a 'yantar da ita. John Wesley, wanda ikilisiyarsa ta Metodis ta sauka Cape Coast a 1835, ya yi wa'azi a kan waɗannan ayoyi yana sa rai dabbobi ma za su samu rabo a sabuwar halitta. Na ce wa yarinyar, wanda bai manta da gwara ba ya san kyanwarki.

Mujiya, baƙar kyanwa da jemage fa? Ba mayu ba ne?

A nan mu Kirista muna da abin kunya. Mujiya ta sauka a rufin gida, sai a fito da duwatsu ana kiran sunan Yesu. Littafin Firistoci 11 ya sa mujiya da jemage cikin abin da Isra'ilawa ba za su ci ba, bai ce a kashe su ba. Zabura 104 ta ce Allah ne ya yi duhu, dabbobin dare kuma a wurinsa suke neman abinci. Mujiya ɓeran da ke cin masararka take farauta. Jemagun nan da ke cika itatuwa a wajen asibitin sojoji na 37 'ya'yan itace suke ci, suna baza iri a dazuzzuka. Kada a taɓa su da hannu saboda cuta, iyakar abin ke nan. In ka gaskata Almasihu ya fi ƙarfin kowane iko, me ya kai ka tsoron tsuntsu?

Ɓera, maciji da mahaukacin kare fa?

Kare rai da lafiyar iyali wajibi ne. A kashe abin da ya zama dole, da sauri, ba tare da wasa da shi ba. Zuba wa ɓera kananzir a cinna wuta ana dariya, wannan ba tsaron gida ba ne.

Batun kare kuwa, tausayinsa da tsaron yara hanya ɗaya suke bi. Cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan duk ta cizon kare, kuma allurar rigakafi ga karen tana tare ta. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran alama, don in alama ta fito an makara.

Maƙwabtanmu Musulmi me suke cewa?

A wannan fanni kusan bakinmu ɗaya. Suna ruwaito hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, da umarnin a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Da yawanmu a zango ma malamin maƙwabci muke kira ya yanka mana ta Kirsimeti don kowa ya ci, kamar yadda naman layya ke shigowa gidajenmu. Na lura tsofaffinsu sukan ba dabba ruwa kafin su kwantar da ita. Babu laifi mu koya.

Akwai doka a Ghana?

Akwai. Dokar laifuffuka ta 1960 ta sa zaluntar dabba cikin abin da ake hukuntawa, ko da yake ba kasafai ake jin an kama wani ba. Likitocin dabbobi na gwamnati suna ƙarƙashin ma'aikatar abinci da noma, jami'ar Legon da ta kimiyya da fasaha ta Kumasi kuma duk suna horar da su. 'Yan'uwanmu na Arewacin Ghana su sani cewa a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka sun amince a Addis Ababa da hana yanka jakai don fatarsu, fatar da ake kaiwa Sin a yi magani, cinikin da ya sa ake sace wa talakawa jakunan ɗiban ruwa.

To ita akuyar fa, yaya ta ƙare?

An yanka ta ranar 24, kamar yadda Mma ta faɗa. Mai ita ya biyo sawu da yamma yana tambaya, ya iske ta a ƙofar gidan su saurayin an kwance mata ƙafafu, an wanke ta, tana cin ɓawon rogo. Saurayin ya ce masa, "Baba, ga akuyarka, amma don Allah a ja ta da ƙafarta, kada a sake ɗaure ta haka." Mutumin ya yi dariya, ya ja ta suka tafi. Ranar Kirsimeti ya aiko yaro da cinya guda a leda. Wandon kuwa Mma ce ta karɓa ta wanke, sau uku, tana mita, kuma har yau ba ta yarda cewa ta faɗi ba daidai ba.